Sa'adiyya, Wadda Ta Hana Allo Yin Ƙarya

Idan ta idar da sallar asuba, Halimatussa'adiyya ba ta komawa barci. Takan dama wa mahaifiyarta, Dada, kunu ta ajiye mata a gefen tabarma, sannan ta jawo tsohuwar kwamfutarta da aka liƙe murfinta da salatif, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, don nan ne sabis ya fi kamawa a gidansu na unguwar Fadaman Mada a Bauchi. Abu ɗaya take fara dubawa kullum. Shin abin da ke wayar kowane direba ya yi daidai da abin da ke allon ofis, ya kuma yi daidai da abin da muke gani a ƙananan asibitocinmu na bayan gari? In ta ga komai daidai, sai ta rufe, ta shirya, ta tari acaɓa zuwa ofis. In kuwa ta ga saɓani, ko na suna ɗaya ne, to nata kunun sai ya huce a kofi ba ta waiwaye shi ba.

Haka ta yi fiye da shekara goma. Yawancin matan da aikinta ya taimaka ba su san sunanta ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Sunana Kubura, ungozoma ce ni a wani ƙaramin asibiti a Miri. Ba mu da ɗakin tiyata, ba mu da motar ɗaukar marasa lafiya. In haihuwa ta zo da gardama, abin da ya rage mana shi ne mu kai mace babban asibiti a cikin gari tun lokaci bai ƙure ba. Masu kai mana su kuwa wasu direbobin keke napep ne da suka kafa ƙungiyar sa-kai, suna ɗaukar masu naƙuda don Allah. Ofishinsu ɗan shago ne a bayan Kasuwar Muda Lawal, inda wata baiwar Allah mai suna Christiana ke zama tana karɓar kira tana tura direbobi.

Ga yadda tsarin yake. Kowane direba yana da manhaja a wayarsa, da maɓalli ɗaya babba. In ya danna ya zama kore, yana nufin yana nan, a kira shi. In ya zama ja, ya tafi aiki. Christiana tana ganin sunayensu da launinsu a allon ofis, mu ma muna gani a wata faffaɗar waya da aka ba kowane asibiti. Na ga kore, na danna, direba ya taho. A baki abu ne mai sauƙi.

Wani ɗan kwangila daga wani gari ne ya fara rubuta manhajar, ya gama ya kama gabansa. A lokacin Sa'adiyya, kamar yadda kowa ke kiranta, ba ta daɗe da gama karatun kwamfuta ba. An ɗauke ta ne ta riƙa gyara wayoyin direbobi, tana koya musu inda za su danna.

Sai ranar Fatu ta zo.

Bayan la'asar aka kawo mini ita daga gona, naƙuda ta tsaya, ɗa ya zo a gicciye. Na duba allo, na ga sunan Ɗanlarai kore shar. Ɗanlarai tsohon direba ne, bai taɓa saɓa mana ba. Na danna, allo ya nuna an aika. Na ce wa mijin Fatu ya kwantar da hankalinsa, keke na tafe. Muka yi ta jira, mijin yana fita bakin titi yana dawowa. Da jiran ya yi yawa na kira Christiana, ita ma ta duba nata allon ta ce, "Ai kore ne, Sista, bari na kira shi." Ashe tun azahar Ɗanlarai yana can wajen Yelwa da wata mai jegon da jini ya ɓalle mata. Kafin a samo mana wani, a kai Fatu, a shiga da ita tiyata, an ceci uwar, amma ɗan bai zo da rai ba.

Washegari Ɗanlarai ya zo Miri da kansa. Bai ko zauna ba, ya miƙo mini wayarsa.

"Sista, duba. Wallahi na danna kafin in tashi. Ga shi, ja ne. Tun jiya ban taɓa shi ba, don in nuna miki."

Ja ne kuwa. Ni kuma nawa allon har a lokacin kore yake nunawa. Muka tsaya da wayoyi biyu a hannu, suna ɗaya, launi biyu. A Miri kuwa magana ta riga ta bazu cewa an kira Ɗanlarai ya ƙi zuwa. Akwai majalisar da in ya yi sallama ba a amsa masa da kyau.

Da aka kira taro, shugaban ƙungiya, Alhaji Umar, ya ce a jefar da manhajar a koma kiran waya kamar da. Mutane da yawa suka goyi bayansa, ban kuma ga laifinsu ba. Sa'adiyya tana can ƙarshen benci, ita ce mafi ƙanƙantar shekaru a wurin. Ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, kiran waya ai shi muka baro. Ungozoma tana riƙe da mace, ta kira wannan bai ɗauka ba, ta kira wancan yana Gwallameji. Abin da ya sa aka nemo manhajar ke nan. Ba jefarwa take so ba, gyara take so. A ba ni zuwa ƙarshen damina."

Alhaji ya ce, "In kuma aka sake rasa wani ɗan fa, yarinya?"

Ta ce, "Rai na Allah ne, Yallaɓai, ban isa in yi alkawari a kansa ba. Amma na yi alkawari allo ba zai sake cewa mutum yana nan alhali ba ya nan ba. Kafin in gama, duk wanda aka danna a bi shi da kira."

Ɗanlarai ne ya fara cewa a ba ta. Aka ba ta.

Abin da ta tarar a cikin manhajar, kamar yadda ta bayyana mini daga baya, shi ne kowane allo yana riƙe da nasa kwafin labarin. Wayar direba da nata, allon ofis da nasa, namu da nasa. In abu ya canza a wuri ɗaya, sai in wanda ya rubuta manhajar ya tuna ya sa umarnin a je a gyara sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya tuna a wasu wuraren, ya manta a wasu. Nawa allon labarin safe yake riƙe da shi har la'asar, yana nuna mini shi kamar sabo.

Ba ta yi faci ba. Ta kwance abin gaba ɗaya ta sake ɗinkawa. Ta ajiye labarin kowane direba a wuri ɗaya tak, sannan ta ɗaure duk abin da ido ke gani da wannan wurin: sunan, launin, unguwar da mutum yake, har da maɓallin aikawa kansa. Babu wanda ta bari da wani sani nasa na daban. Direba ya danna, labarin ya canza a tushe, kowane allo ya bi nan take. Christiana ta tura mutum daga ofis, maɓallin wayarsa ya juya ja da kansa, namu na aikawa kuma ya mutu a kan sunansa, ba mai iya danna shi.

Na ce mata ban gane ba sosai. Ta yi dariya ta ce, "Anti, kin san dangwali?" Iyayenta makiyaya ne, a ruga aka haife ta kafin mahaifinta ya zauna a gari. "Igiya ce ɗaya doguwa, kowane maraƙi da nasa madauki a jikinta. Kin ja igiyar, duk sun ji. Ɗaya ya zabura, igiyar ta sani, sauran ma sun sani. Da can kowane maraƙi da turkensa aka ɗaure, shi ya sa ɗaya zai kwance ba wanda ya ji. Ni igiya ɗaya na yi musu."

Ke ce, Sa'adiyya, kika shafe daminar nan a bayan keken Ɗanlarai, kwamfuta a cinya an rufe da leda, kina sa shi ya tsaya a kowace kwana ki danna ki kira Christiana ki ce, "Me kika gani?" Ke ce kika bi hanyar Miri har inda kwalta ta ƙare, kina neman wuraren da sabis ke ɗaukewa. Ɗanlarai ya ce mini akwai ranar da taya ta nutse a laka, ya fita yana turawa, ya waiwayo ya gan ki kin sauka kina turawa da kafaɗa, hannu ɗaya ɗage da waya sama kina kallon ko launi ya canza.

A wannan yawon ne ta gano abin da ya fi damun ta. In sabis ya ɗauke, allo zai tsaya a kan abin da ya gani na ƙarshe, ya ci gaba da nuna shi. Wato ƙaryar da ta kashe ɗan Fatu tana iya dawowa ta wata ƙofar. Sai ta sa duk lokacin da waya ta rabu da tushe, sunayen su koma launin toka, rubutu ya fito: "Ba ni da labari yanzu. A kira ofis." Wasu abokan aikina suka yi ƙorafi, suka ce abin kamar ya lalace, ba kyan gani. Ta ce, "Gara ya ce bai sani ba. Wanda ya ce miki bai sani ba ya ba ki damar tambayar wani."

Na ga amfanin aikin da idona a wata daminar. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya aka shigo da wata mai ciki, Ni'ima, jininta ya hau har ta fara jijjiga. Na yi mata allurar da ta dace, na juya ga allo. Sunan Godspower, wani direba da ke zaune kusa da mu, yana kore. Na kai yatsa ke nan, kafin in taɓa ya juya ja, maɓallin ya mutu. A daidai wannan lokacin Christiana ta tura shi wani asibitin. A tsohon tsari da na danna, na zauna jiran mutumin da ya nufi wani wuri. A ƙasansa na ga Ɗanlarai kore, yana kan hanyar Jos ya fake wa ruwa. Na danna. Ban gama naɗe Ni'ima a bargo ba na ji ƙarar kekensa a ƙofa, ya jiƙe sharkaf. Ita da 'yarta duk suna raye. Mijinta ya bi majalisu da kansa yana faɗin wanda ya zo cikin ruwan nan, maganar da ake yi a kan Ɗanlarai a Miri kuma ta mutu daga ranar.

Da na kira Sa'adiyya ina ba ta labari cikin murna, ta ce alhamdulillahi, sannan ta tambaye ni, "Anti, launin ya canza ne kafin maɓallin ya mutu, ko tare?" Na ce ban lura ba. Ta ce za ta duba, don in akwai tazara a tsakani, wata rana yatsan wata zai faɗa cikinta.

Ba kullum aka gode mata ba. Akwai shekarar da wasu masu ba da tallafi za su zo ganin aikin ƙungiyar. A lokacin kekuna da yawa suna wajen bakanike, waɗanda ke kan titi ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. An rataye babban allo a bangon ofis don baƙi, Christiana ma ta koma aiki da shi. Christiana tana wurin lokacin da Alhaji Umar ya kira Sa'adiyya gefe, ita ta ba ni labarin.

"Malama Sa'adiyya, gobe ina so baƙin nan su ga allo cike da kore. Na gobe kawai. In sun tafi ki mayar."

"Yallaɓai, allon nan ba shi da wani abu nasa. Abin da ke tushe yake nunawa. In na sa kore a tushe, Anti Kubura a Miri za ta ga kore, ta danna keken da ke kwance ba inji."

"To ki raba wannan ɗin da sauran mana. Ai ke kika haɗa."

"Zan iya, Yallaɓai, ba zan ɓoye maka ba. Amma a wannan allon Christiana ke duba wanda za ta tura. Kuma in na buɗe hanyar yau, ta zauna ke nan. Wata rana wani zai manta bai mayar ba. Ka yi haƙuri, ka gafarce ni, ba zan yi ba."

Alhaji mutumin kirki ne, ya kashe ƙarfinsa a ƙungiyar nan, tsoronsa kada baƙi su ga rauni su juya baya. Amma ya ji haushi ƙwarai. Baƙi suka zo suka ga allo kusan duk ja da toka, suka yi tambayoyi masu nauyi, suka tafi. Tallafin bai zo a shekarar ba. A taron ƙarshen shekara aka kira sunan kowa aka yi masa godiya, har mai kawo ruwa, ba a kira nata ba. Tana zaune, ta tafa wa kowa. Washegari da asuba tana bakin ƙofarta da kwamfuta. An daɗe kafin Alhaji ya sake shiga ɗakin aikinta, ranar da ya shiga kuwa da sabuwar kujera ya zo mata, ya ce waccan tana karya mata baya. Ba su sake tayar da maganar ba.

Gishiri, ba a ganinki a miya, sai ran da babu ke. Aikinki irin wanda in ya yi kyau ba wanda ke lura ne. Ba mai cewa, "Yau allo ya faɗi gaskiya." Mun saba har mun ɗauka haka Allah ya halicci waya.

Wani kamfani a Legas ya nemi Sa'adiyya, har sau biyu, ba ta je ba. Na tambayi Dada ko ita ta hana. Tsohuwar ba ta kiran sunan 'yarta, don 'yar fari ce. Ta ce, "Ni? Na ce wa yarinyar nan ta tafi, Allah na nan. Ta ce wai in ta tafi ba wanda ya san cikin abin. Na ce to ki koya wa wasu mana, kiwo ma ai ba mutum ɗaya ke yi ba." Sa'adiyya ta ɗauki shawarar. Duk Asabar ta riƙa tara masu son koyo a zauren gidansu. Wasu suka zo suka gaji. Wadda ta dage ita ce Hauwa'u, matar aure mai 'ya'ya uku, da ke zuwa da goyo. Sa'adiyya takan ɓata wani abu a manhajar gwaji da gangan, ta sa maɓalli ɗaya ya rabu da tushe, ta ce mata, "Nemo wanda ke ƙarya." Hauwa'u ta ce akwai lokacin da ta yi kuka don ta kasa, malamar ba ta nuna mata ba, ta dai zuba mata shayi ta ce ta sake dubawa.

Idanun Sa'adiyya ne suka gaji. Tun bara take ƙara girman rubutu, tana matso da fuska. Likita ya ce in tana son ta ci gaba da ganin hanya, ta rage kallon allo sosai. Ta yi gardama da shi wata da watanni, har ranar da ta karanta sunan wani direba ba daidai ba. Ba abin da ya faru, Hauwa'u ta gyara nan take. Amma ita ta je wajen Alhaji da ƙafarta ta ce lokaci ya yi. Wadda ta hana allo nuna abin da ba shi da tabbas, ba ta yarda ta zauna a kujerar alhali idonta ba shi da tabbas ba.

Ranar da ta ajiye aiki ban samu zuwa ba, ina da mai naƙuda. A ƙasan allonmu akwai ɗan rubutu da ke cewa in an samu matsala a kira wance, da lambarta. Ina wanke hannu na ɗaga kai, a kan idona sunan Sa'adiyya ya ɓace, na Hauwa'u ya fito. Christiana ta ce a ofis Sa'adiyya da kanta ta canza shi, sau ɗaya, a wuri ɗaya, ta tura kwamfutar gaban Hauwa'u ta tashi daga kujerar. Nan da nan wayar ofis ta fara ƙara. Direbobi ne daga Wunti, daga Yelwa, daga bakin kasuwa, kowa ya gani a wayarsa a lokaci guda. Ɗanlarai ya ajiye kekensa a gefen titi ya kira, Christiana ta miƙa wa Sa'adiyya wayar.

"Malama, me ya faru? Sunanki ya fita."

Ta ce, "Baba, ka gani a naka?"

"Na gani."

"To alhamdulillahi. Yana aiki."

Mun gode, Halimatussa'adiyya. Na gode a madadin ungozomomin da ba sa tsayawa bakin titi suna jiran wanda ba zai zo ba. Na gode a madadin direbobin da kika tsare wa mutunci, da matan da suka koma gida da goyo ba su san akwai ki ba. Allah ya ba idanunki lafiya, ya saka miki da abin da ba mu iya ba, ya ja kwanan Dada ki ci gaba da dama mata kunu, ki kuma sha naki da zafinsa.

Ku kuma matasan Bauchi da ke koyon rubuta manhaja a shaguna da makarantu, na san kuna son abin da zai burge ido, ba laifi. Amma ku je Fadaman Mada ranar Asabar, har yanzu zauren a buɗe yake, tana koyarwa da baki ko ba ta kalli allo ba. Ku koyi yadda ake ɗaure kowane maɓalli da gaskiya ɗaya, ku koyi cewa a'a ga wanda ya girme ku cikin ladabi. Duk abin da kuka sa a fuskar waya, wata mace a wani ƙauye za ta gan shi, ta yarda da shi, ta ce wa mijin mara lafiya ya kwantar da hankalinsa. Ku tabbata ba ku sa ta yi ƙarya ba.